In An Hana Yaro Hatsi, Da Me Zai Karya? Amsa Daga Madawa, Buza da Keita

A ƙauyukan Madawa da Buza da Keita, cikin jihar Tawa, da wuya a samu abin karyawa da safe wanda babu hatsi a cikinsa. Kunu da koko na gero ne, ɗumamen tuwon jiya na gero ne ko na dawa, fura ita ce ta safe ita ce ta rana, masa kuwa in ba ta gero ba ce ta shinkafa ce. A cikin gari, inda mai shayi yake kafa teburinsa tun asuba, burodi da fanke da taliya sun shigo sahu, su kuma duk fulawar alkama ce. Saboda haka ranar da aka ce wa uwa ɗanta ya bar cin hatsi, ko ma'aikacin lafiya ne ya faɗa, ko mai maganin gargajiya, ko wani saƙon murya da ya iso ta WhatsApp daga ɗan'uwan da ke ci-rani a Abijan ko Legas, kusan an ce mata ne ta sauke duk abin da ta saba ɗorawa a murhu. Tambayar da ke biyo baya mai nauyi ce: da me yaron zai karya gobe da jibi, da watan da ke tafe?

Hana yaro wani abinci magani ne, kuma kamar kowane magani yana da dalili, yana da ma'auni, yana iya yin illa in aka wuce gona da iri. Sharuɗɗansa uku ne: a san cutar da ake hanin dominta, a taƙaita hanin ga abin da yake cutar da yaron kaɗai, sannan duk abin da aka cire daga kwanonsa a cike gurbinsa da wani mai ƙarfinsa. Sharaɗi na uku shi ne wanda madafar wannan yanki na Adar ta fi kowa iya cikawa, domin wake da gyaɗa da dankali da kabewa da ƙwan zabo da nono suna nan a gonakinta da kasuwanninta. Na farko da na biyu su ne ake yawan tsallakewa, kuma a nan haɗarin yake.

Me ya sa hanin ya fi haɗari a nan

Yaron da aka hana hatsi a birnin da firji yake cike da nama da madara da 'ya'yan itace yana da abin komawa. Yaron Adar ba haka yake ba, domin gero ne kaso mafi girma na ƙarfin da jikinsa yake samu. Binciken abinci da gwamnatin Nijar take gudanarwa tare da UNICEF ya daɗe yana nuna cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na yaran ƙasar 'yan ƙasa da shekara biyar tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, alamar doguwar ƙarancin abinci mai gina jiki. Mutanen wannan yanki ba su manta da 2005 ba, shekarar da yunwa ta biyo bayan fari da fara, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, daga baya kuma ta ɗauki shekaru tana aiki a asibitocin Madawa da Buza. Duk damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya yi sama, ɗakunan yara na waɗannan asibitoci suna cika.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yaro ɗan wata 6 zuwa 23 gida takwas: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, wake da gyaɗa da danginsu, madara da abin da ake yi da ita, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu bitamin A, sai sauran kayan lambu. Mafi ƙarancin abin da ake so shi ne yaro ya ci daga gida biyar a rana. Yara da yawa a karkarar Tawa gida biyu ko uku suke samu, wato nonon uwa da kunun gero, wani lokaci da ɗan nonon shanu a cikin fura. Matsalar yawancin yaran yankin ke nan: abincinsu ya yi ƙunci. Wanda ya zo ya cire gero daga wannan ɗan jeri ba tare da ya sa komai ba, ya ƙara ƙuntata abin da dama a ƙuntace yake. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu da ke shan nono yana buƙatar wajen kalori 550 a rana daga abinci, ga cikinsa ƙarami, bai fi ƙaramin kofi yake ɗauka a zama ɗaya ba. Mako biyu ko uku na rashin cika wannan ma'auni sun isa a ga damtse ya fara zubewa.

Wane yaro ne yake buƙatar hani da gaske

Cutar da ta fi shahara wajen hana hatsi ita ce siliyak. Jikin mai ita yana yaƙar wani sinadari mai suna gulutin, wanda ke cikin alkama da sha'ir da wani danginsu da ake nomawa a Turai, yaƙin kuma a bangon hanji yake faruwa, har hanjin ya kasa tsotsar amfanin abinci. Yaro sai ya riƙa zawo mai tsawo, ciki ya kumbura, jini ya yi ƙaranci, girma ya tsaya. A duniya wajen mutum ɗaya cikin ɗari ne ke ɗauke da ita. Tarihin maganinta yana da darasi ga iyaye. A 1924 wani likitan yara a Amurka, Sidney Haas, ya riƙa warkar da irin waɗannan yara ta hanyar hana su dukkan hatsi da dankali da sukari, yana ba su ayaba da yawa. Yaran sun samu sauƙi, amma ya ɗora laifin a kan sitaci gaba ɗaya. Sai da likitan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura cewa a yunwar da ta auka wa ƙasarsa a 1944 zuwa 1945 yaran da ke da cutar sun murmure da burodi ya ɓace, suka koma ciwo da burodi ya dawo, sannan aka gane alkama ce da danginta. Ya fitar da bincikensa a 1950. Tun daga nan dogon jerin hani ya koma gajere, domin ilimi ya gano mai laifin.

Ma'anar wannan ga Adar babba ce. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca babu gulutin a cikinsu. Yaron da aka tabbatar yana da siliyak zai sha furarsa, ya ci tuwonsa, ya ci masar gero, matuƙar ba a zuba mata fulawa ba. Abin da zai bari har ƙarshen rayuwarsa shi ne burodi da fanke da cincin da biskit da taliya da alkaki da duk abin da alkama ta shiga. Uwar da aka ce wa ta cire “hatsi” gaba ɗaya saboda wannan cuta, an ɗora mata nauyin da likitanci ya sauke fiye da shekaru saba'in da suka wuce.

Wasu za su ce ai wannan cutar Turawa ce, ba ta shafe mu ba. Hujja ba ta goyi bayansu ba. A 1999 wasu likitocin Italiya ƙarƙashin Carlo Catassi sun gwada jinin yara kusan dubu na al'ummar Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya, suka samu kashi 5.6 cikin ɗari suna da alamar cutar, ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa gani a duniya. Yaran Sahara ne, kuma fulawar alkama ta tallafi ce ta zama babban abincinsu. Wannan bai nuna haka abin yake a Madawa ba, domin gadon jini ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Abin da ya nuna shi ne cutar tana iya ɓoyewa a cikin jama'a har sai alkama ta yawaita a akushi, kuma alkama tana yawaita a garuruwan Nijar. Ya kamata ma'aikacin lafiya ya riƙa tunawa da ita idan yaro ya ƙi murmurewa bayan an yi maganin abubuwan da aka saba gani.

Abubuwan da aka saba gani kuwa su ne ya kamata a fara nema. Kumburin ciki da zawo da rama a yaron karkara sun fi zuwa daga tsutsar ciki, da ruwan sha marar tsabta, da zazzaɓin cizon sauro, da ƙyanda, da ita kanta tamowa. Duk waɗannan ana duba su a likitar ƙauye ko asibitin gunduma, kuma tun 2006 dokar Nijar ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Gwajin siliyak na jini ne, wani lokaci har da ɗebo ɗan yankin hanji, kuma ba a ƙananan likitocin karkara ake yinsa ba, sai an tura yaro gaba. Akwai abu guda da iyaye ya kamata su riƙe: in an hana yaro alkama tun kafin gwaji, sakamakon zai iya fitowa kamar lafiya lau alhali cutar tana nan. Shi ya sa shawarar dainawa ta likita ce, ba ta maƙwabta ba.

Akwai wasu yara kaɗan da hanin nasu ya fi faɗi. Mai farfaɗiyar da ta ƙi jin magani ana iya ɗora shi a kan abinci mai yawan mai da ƙarancin sitaci, hanyar da Russell Wilder ya tsara a asibitin Mayo na Amurka a 1921, amma wannan aiki ne na awo da gwajin jini a hannun ƙwararru, kuma wake da dankali ma ana ƙayyade su a cikinsa. Yaro mai ciwon sukari irin na yara allurar insulin yake buƙata, tare da daidaita yawan abinci da lokacinsa, kuma cire masa hatsi ba zai maye gurbin allurar ba. Wani kuma jikinsa ne ba ya karɓar abinci guda, kamar madarar shanu ko ƙwai ko gyaɗa ko alkama, ya ci sai leɓe ya kumbura, fata ta yi borin jini, numfashi ya yi wuya, wanda wannan na ƙarshe gudu ake yi da shi zuwa asibiti. Ban da waɗannan akwai tsare-tsaren hana hatsi da suka bazu a intanet, wasunsu jikokin tsarin Haas ne, ana tallata su a matsayin maganin jinkirin magana da rikicin ɗabi'a a yara. Binciken da aka yi bai tabbatar da wannan iƙirari ba. Uwar da ɗanta bai yi magana ba tana da uzurin neman mafita ko'ina, amma garin neman gira ba a so a rasa ido.

Abin da ke cikin madafa

To, a ce dalili ya tabbata, likita ya ce a ɗauke hatsi na wani lokaci, ko a ɗauke alkama har abada. A Turai da Amurka iyaye a irin wannan hali garin almon da garin kwakwa suke saya da tsada, su kwaɓa da ƙwai su soya 'yar waina a faranti. Mace a Buza ba ta buƙatar ko ɗaya daga ciki, domin ƙosai da alala sun riga waɗancan zuwa duniya, kuma babu ƙwayar hatsi a cikinsu. Nijar tana sahun gaba a noman wake a duniya, bayan Najeriya, kuma a gonakin Adar tsakanin layukan gero ake shuka shi. Wajen kashi 23 zuwa 25 cikin ɗari na busasshen wake furotin ne, ninki biyu na abin da ke cikin gero, ga sitacin da zai ba yaro ƙarfi, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Wainar wake ta yaro ba ta da wahala. A jiƙa kofi ɗaya na wake, a murje shi a cire ɓawon tas, a zubar da ruwan jiƙon, domin ɓawon da ruwan suna ɗauke da wani kaso na abin da ke kumbura ciki. A markaɗa da rabin albasa da ɗan ruwa, kada ƙullun ya tsinke. Sirrin yana wajen bugu: furotin ɗin wake yana kama iska idan aka buga shi sosai da muciya ko ludayi, shi ya sa ƙosai yake tashi ba tare da yis ba. Idan ƙullu ya yi fari ya yi sauƙi, a fasa ƙwai ɗaya a ciki, a sa gishiri kaɗan mai aidin, a rage yaji ko a bar shi gaba ɗaya. Maimakon a tsoma a mai kamar ƙosai, a zuba a ramukan tandar masa da ɗan man gyaɗa, a rage wuta, a juya idan gefe ya kama, a tabbatar cikin ya nuna, don wake da bai dahu ba yana wahalar da ciki. Ga ɗan wata bakwai ko takwas da bai iya tauna ba, a turara ƙullun a gwangwani ya zama alala mai laushi, a dama da ɗan mai. Kwaruru ma ana sarrafa shi haka nan.

Dankalin Hausa shi ma abinci ne mai ba da ƙarfi. A dafa guda, a dake shi, a haɗa da ƙwai biyu da cokalin tunkuza ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a soya ƙanana a tanda, za a samu waina mai zaƙi wadda ba ta buƙatar sukari. Mai jan ciki ya fi, saboda bitamin A, haka ma kabewa, wadda za a iya dafawa a dama ta da gyaɗa ta zama fate mai kauri. Kunun gyaɗa da aka saba ɗaurewa da shinkafa ana iya ɗaure shi da dakakken dankali. Kindirmo da aka yi da dafaffiyar madara, a zuba masa garin ɗiyan kuka ko mangwaro a lokacinsa, karin kumallo ne cikakke ga yaron da jikinsa yake karɓar madara. Zogale dafaffe da garin ƙuli-ƙuli ya dace da wanda ya fara tauna. Kwarin Tarka da na Majiya suna ba da albasa da tumatir da kabeji da rani, kuma a Keita, inda babban aikin farfaɗo da ƙasa ya fara a 1984 da kuɗin Italiya da jagorancin hukumar FAO, mata ne suka yi mafi yawan aikin jera duwatsu da dasa itatuwa, ƙananan madatsun ruwan da aka gina sun faɗaɗa noman rani. Kayan haɗin ba daga nesa za su zo ba.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duk waɗannan girke-girke guda ce: kauri da mai. Kunu mai tsinkewa ruwa ne yake cika cikin yaro, abincin da ya dace shi ne wanda ke tsayawa a cokali. Ƙaramin cokalin man gyaɗa yana ƙara wajen kalori 40 ba tare da ya cinye wuri a ciki ba, ƙwai ɗaya yana ba da giram 6 na furotin mai inganci. Hujja mafi ƙarfi a kan cewa abinci marar hatsi yana iya gina yaro tana hannun iyayen yankin da kansu. Plumpy'Nut, abincin jinyar tamowa da André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka ƙirƙira a 1996, wanda ake yi a Yamai ma tun 2005, gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari da bitamin, leda ɗaya mai giram 92 tana ɗauke da kalori 500. Magani ne na yaron da aka rubuta wa, ba na rabawa ko sayarwa ba, amma darasinsa a bayyane yake: ya yi aiki ne saboda abin da aka tara a cikinsa.

Akwai kurakuran da ke ɓata wannan ƙoƙari. Na farko shi ne mayar da rogo da garin kwaki madadin gero. Rogo yana cika ciki, amma furotin ɗinsa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, kuma mai ɗaci da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba yana da guba. Na biyu shi ne gyaɗar da ta yi hunhuna ko ta yi baƙi, wadda ke ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, don haka a tsince ta kafin a soya. Na uku, kada a ba yaro ƙarami gyaɗa ko aya guda-guda don kada ta shaƙe shi, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma. Ga mai siliyak akwai ƙarin kula: ɗan wake na kasuwa sau da yawa da fulawa a ciki, man da aka soya fanke a cikinsa yana gurɓata ƙosan da ya biyo baya, wasu dunƙulen ɗanɗano suna da garin alkama, kuma injin da ya niƙa alkama yana barin saura. Daddawa da albasa da tumatir sun isa su ba miya daɗi.

Amsa ga masu ja

Ƙorafi na farko na kuɗi ne, kuma gaskiya ne. Tiyar wake takan fi tiyar gero tsada, manomi yana sayar da wakensa da kaka don biyan bashi, ƙwai da nono kuma su ne 'yan kuɗin hannun mace. Amma lissafin na yaro ɗaya ne, ba na gida duka ba. Kofin wake yana yi wa ƙaramin yaro karin kumallo fiye da ɗaya, don haka 'yan tiyoyi da aka ware tun ranar sussuka za su kai shi nesa. Abin da ke tilasta sayarwa da wuri shi ne ƙwaro, kuma wannan an samo masa dabara: buhu mai ruɓi uku na PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 tare da masu binciken cibiyar INRAN, cikinsu har da Ibrahim Baoua a Maraɗi, yana toshe iska ya kashe ƙwaron ba tare da magani ba. Sannan zabi da damina suke zuba ƙwai, daidai lokacin da rumbu yake ƙarewa kuma ƙwan yake araha. Gidan da ba shi da ko wannan hali, shi ne ma ya fi cancanta kada a ɗora masa hanin da ba shi da tushe.

Ƙorafi na biyu na al'ada ne. A gidaje da yawa har yanzu ana cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi da ɗauke-ɗauke. Babu wata hujja a kan haka, kuma mai yiwuwa tsoron kada yara su riƙa kwashe ƙwan da ake so a ƙyanƙyashe ne ya haifi maganar. Kaka da ke riƙe da wannan ra'ayi ba maƙiyiyar jikanta ba ce, kuma ba a cin nasara a kanta da gardama. Ana samun ta ne idan aka tafi da ita wajen awo, ta ji daga bakin ma'aikaciyar lafiya, ta ga nauyi yana hawa wata bayan wata. Haka kuma yara a kwano ɗaya suke ci, kuma wanda aka ware shi kaɗai yakan ji an tsane shi, ko ya saci loma a ɓoye. Maganin wannan shi ne a yi wainar wake ta isa dukkan yaran gida a wasu ranaku, tunda babu wanda za ta cutar, hasali ma wake da gero suna cike gurbin juna wajen gina jiki ga waɗanda ba a hana komai ba.

Ƙorafi na uku na aiki ne. Macen da ta tashi da asuba ga ɗiban ruwa ga daka ga itace, wa zai ƙara mata tukunya ta biyu? Ana rage wannan nauyi idan aka surfe wake da yawa a rana ɗaya, aka shanya shi, aka niƙa gari, sai a riƙa ɗiba ana kwaɓawa da dare a soya da safe. Dankali yana dahuwa a wutar tuwon dare. Duk da haka aiki ne, kuma bai dace a bar wa uwa ita kaɗai ba. Maigida ne ke riƙe da rumbu da kuɗin cefane, kuma in yana ci-rani, kuɗin da yake aikowa ya kamata a san kason yaron a ciki.

Ƙorafi na huɗu shi ne mafi ƙarfi. Uwa za ta ce, na daina ba shi kunu, na koma ba shi ƙwai da alala, ga shi ya warware, me kuma ake so in ji? Idonta bai yi ƙarya ba. Sai dai abubuwa biyu ne suka canza a lokaci guda, an cire kunu kuma an ƙara ƙwai da wake da mai, kuma a yankin da abincin yara yake da ƙunci, ƙarin ne ya fi yiwuwa ya kawo sauƙin. Haas ma ya ga yaransa sun warke, amma ya yi kuskuren dalili. Hanyar rarrabewa ita ce a ci gaba da sabon abincin, a mayar da gero kaɗan-kaɗan da sanin likita, a ga abin da zai biyo baya. In yaro ya ci gaba da ƙiba, gero ya fita daga zargi, gida kuma ya huta.

Ma'aunin da ba ya ƙarya

Ko wane irin hani aka ɗora wa yaro, akwai alƙalin da ba ya karɓar ra'ayi, shi ne awo. A kai shi a ɗora a sikeli duk wata. Igiyar awon damtse mai launi uku, wadda aka gwada koya wa iyaye mata amfani da ita a Mirriya ta jihar Damagaram aka ga sun iya, tana aiki ga ɗan wata 6 zuwa shekara 5: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, a tafi asibiti a ranar, daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne, gargaɗi ke nan. Kumburin ƙafafu biyu shi ma alamar gaggawa ce. Hanin da aka yi wata guda ana bi, nauyi yana raguwa ko ya tsaya cak, hani ne da ya gaza, ko wane ne ya ba da shi.

Nauyin gyara ya rabu gida-gida. Ma'aikacin lafiya da ya furta kalmar hani kada ya sallami uwa sai ya kira sunan abin da aka hana ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da aka halatta, ya faɗi abin da za a sa a gurbi da ranar da za a dawo awo. Asibitocin gunduma na Madawa da Buza da Keita suna buƙatar tabbatacciyar hanyar tura jinin yaran da suka ƙi murmurewa zuwa inda ake gwajin siliyak. Ƙungiyoyin mata da gidajen rediyon karkara, waɗanda dama suke koyar da haɗa kunu mai gina jiki, su ƙara da wainar wake da ta dankali a darussansu. Mai tura saƙon magani ta waya kuma ya sani cewa in yaro ya rame a dalilin shawararsa, yana da kaso a alhakin. Yaron da cuta ta hana shi alkama yana da haƙƙin a kiyaye masa ita da gaske, wanda kuma ba shi da wannan cuta yana da haƙƙin a bar masa geronsa, a ƙara masa wake da ƙwai da mai a kai.